Ajiyar Da Arlo Ya Kawo

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aurena da Thurman, kuma da wuya a yi karin kumallo a gidanmu bai sako maganar bindiga ba. In ba tasa ba, ta maƙwabci. In ba ta maƙwabci ba, ta mutanen gwamnati da kullum yake cewa suna nan tafe su ƙwace. Har yau dai ba wanda ya zo. Guda bakwai gare shi a cikin kabad ɗin ƙarfe a ɗakin baya, kowace da tarihinta, kuma a bayan a-kori-kurarsa ya manna takarda mai cewa ba mai raba shi da su sai bayan ransa.

Abin da ba ya so a tayar shi ne, a gidan nan ni na fi shi iya harbi. Babana ya koya mini tun ina 'yar shekara tara, a bayan gonar tabarmu a nan gabashin Tennessee. Duk watan Nuwamba Thurman yakan tafi farautar barewa da abokinsa Arlo Tackett, su dawo da mura da labarai masu daɗi. Naman da ke cikin firjinmu kuwa yawanci ni nake harbo shi.

A watan Yunin shekarar da nake ba da labarinta, wani mutum ya shiga coci a wata jiha ranar Lahadi ana tsakiyar waƙa, ya buɗe wuta. Mutum biyar suka mutu. Ba mu san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da aka nuna ginin a talabijin sai na ga kamar namu ne sak: farin fenti, matakala uku, da tsofaffi a tsaye a waje suna riƙe da juna. Lahadin da ta biyo baya, duk lokacin da ƙofa ta yi ƙara sai kowa ya waiga. Ni da nake kaɗa fiyano sau biyu ina ɓata layi.

Fasto Wendell, wanda bai wuce shekara talatin da huɗu ba, kuma shekararsa biyu kacal a wurinmu, ya kira taro ranar Laraba bayan abincin yamma da muke ci tare a zauren coci. Ya yi dabara da ya bari sai da aka cinye soyayyar kaza da burodin masara, don mutanenmu sun fi sauƙin kai in cikinsu ya cika.

Thurman ne ya fara tashi, tunda shi ne babba cikin dikinoni, wato dattawan da ke kula da hidimar coci. Ya ce shawararsa ita ce a samu maza huɗu su riƙa zuwa sujada da bindiga a ƙugu, biyu a bakin ƙofa, biyu a ciki. Ya ce tsarin mulki ya ba mu dama, kuma Allah bai ba mutum iyali don ya naɗe hannu yana kallo a kashe su ba. Ya kawo ayarsa ta Littafi Mai Tsarki mai maganar sayen takobi. Maza da yawa suka gyaɗa kai.

Sai Malama Verna Sizemore ta ajiye cokalinta. Verna ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamaren garinmu, ba ta taɓa aure ba, kuma rabin mazan da ke zauren ta taɓa tsayar da su a kusurwar aji. Ƙaninta yana ɗan shekara goma sha tara aka harbe shi a bakin gidan mai, a kan rigimar da ba ta kai ta kawo ba. Kowa ya san wannan, shi ya sa in ta yi maganar bindiga ake yin shiru. Ita ma ta kawo tata ayar, mai cewa a mayar da takobi cikin kube. Ta ce ita ba za ta iya rufe ido ta yi addu'a ba alhali ta san na kusa da ita yana ɗauke da abin kisa a ƙarƙashin kwat.

Daga nan ta juya ta kalli mijina ta saman tabarau.

"Ɗan'uwa Thurman, aji ɗaya muka yi da kai. Daga benci na uku ba ka iya ganin allo. Yanzu kai ne za ka yi harbi a cikin ɗaki cike da jikokinmu?"

"Na sake tabarau tun daga lokacin, Malama," in ji Thurman.

Aka yi dariya, amma gardamar ba ta mutu ba. Aka yi ta jefa wa juna ayoyi har shayi mai ƙanƙarar da ke kan tebur ya zama ruwa. A ƙarshe Fasto ya ce shi ba zai yanke hukunci a ranar ba, amma abu ɗaya kowa zai yarda da shi: duk wanda yake son ɗaukar bindiga a gidan Ubangiji, sai ya fara nuna cewa ya iya harbi. Ya tambayi Arlo ko za a iya zuwa gonarsa ranar Asabar, tunda akwai tudu a bayanta da zai tare harsashi. Arlo yana zaune can baya shi kaɗai. Matarsa Geneva ta rasu a watan Fabrairu, kuma tun daga nan maganarsa ta ragu. Ya ɗaga kai kawai alamar ya yarda.

Ranar Asabar maza shida suka zo da bindigoginsu, mu mata kuma muka zo da kujeru da abinci, don ba za a yi wannan kallo ba mu ba. Arlo ya jera gwangwanaye a kan shinge, aka auna taku ashirin, aka ce kowa harsashi shida. Na farko ya samu biyu. Na biyu ya samu uku, ya yi ta hura hanci. Na uku, mai shagon kayan gini na garinmu, bai samu ko ɗaya ba, ya ce iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi.

Da aka zo kan Thurman, sai da ya gyara tsayuwa sau uku, ya yi wa matasa bayanin yadda ake riƙe numfashi. Harbi na huɗu ya kayar da gwangwani ɗaya. Na shida kuwa muka ji wata ƙara daban, kamar an bugi tukunya. Kwamin ƙarfen da shanun Arlo suke shan ruwa ne, can gefe guda, ruwa yana tsartuwa daga cikinsa. Wata saniya ta matso ta tsaya tana kallon ruwan, ta juyo ta kalli Thurman.

Fasto ya juya baya yana tari. Verna kuwa sai ta yanka kek ɗin tuffa ta miƙa wa mijina da hannu biyu, kuma ina jin wannan ya fi masa ciwo da duk abin da za ta iya faɗa.

Ita ce kuma ta ce a ba ni in gwada. Na ce ni abinci na kawo, amma mata suka matsa. Na karɓi ƙaramar bindigar Thurman, na goge hannuna a jikin siket, na kayar da shida a jere. Nan take maganar ta juya. Mazan da suka zo neman aikin suka ce ai an samu mai gadi, wai ni Opal, ni ce zan riƙa zama kusa da ƙofa da bindiga a cikin jaka, wa zai yi zargin tsohuwa mai farin gashi. Har Thurman, da kek a bakinsa, yana cewa ai shi ya ƙara mata horo.

Sai mai shagon kayan gini ya ɗauko wata takarda daga motarsa ya manna a jikin katako. Irin wadda ake koyon harbi da ita ce, mai siffar mutum, baƙi ƙirin, kai da kafaɗu da ƙirji. Na sake ɗura harsashi, na ɗaga hannu, na saita. Ba ta da fuska, amma kafaɗun nan na san su. Irin na mijin 'yata ne, irin na yaron da ke kawo mana wasiƙa ne. Na tabbata in na ja kunamar zan samu tsakiyar ƙirji. Wannan tabbacin ne ya tsorata ni. Na sauke, na cire harsasan, na ce a ba ni lokaci in yi tunani.

Arlo bai yi harbi ba ranar, ya ce kafaɗarsa ke ciwo. Da na shiga kicin ɗinsa ɗauko wuƙa, na ga kwanoni jibge ba a wanke ba, da gwangwanayen miya guda takwas a kwandon shara. Lambun Geneva ciyawa ta cinye shi. Na ce a raina zan aiko masa da abinci, sai hidima ta sha kaina ban aika ba.

Kwanakin da suka biyo baya ni da Thurman muka yi ta ja-in-ja. Ina ɓarar wake a baranda ina addu'a, shi kuma yana zagaye ni. Na ce masa shekara talatin ina gaisawa da mutane a bakin ƙofar coci, fuskarsu nake kallo in gane wanda bai yi barci ba da wadda ta yi kuka a mota. In na sa bindiga a jaka, hannayensu zan koma kallo. Ya ce to, in mugun ya zo fa? Jikokinmu mata biyu a layi na biyu suke zama. Na ce masa ina roƙon Allah ya nuna mini, shi kuma ya ce yana fata Allah zai yi sauri kafin taro na gaba.

Ranar Alhamis da la'asar motar Arlo ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ya daɗe a ciki kafin ya fito. Ya buɗe baya, ya ɗauko wani abu mai tsawo naɗe cikin bargon da Geneva ta ɗinka, ya hawo matakala da ƙyar, ya ajiye a gabanmu. Bindigoginsa ne, dogaye huɗu da ƙarama ɗaya.

Thurman ya yi dariya ya tambaye shi ko sayarwa zai yi, don in haka ne shi ya daɗe yana son ta baban Arlo.

"Ajiya na kawo," in ji Arlo. "Ina so su zauna a wurinka."

Mijina bai gane ba. Ya gyara zama ya fara karatun da ya saba, cewa namiji ba ya raba kansa da bindigarsa, balle wanda yake zaune shi kaɗai a bakin daji. Na taka masa ƙafa da ƙarfi. Arlo yana kallon hularsa da ke hannunsa.

"Tun da Geneva ta tafi, in na gama ba shanu abinci na zauna, sai in ga ina tunanin su fiye da yadda ya kamata. Jiya na ɗauko ƙaramar na ajiye a kan tebur. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon ta ba. Ba na so in sake."

Na kalli Thurman. Fuskarsa ta yi ja, ta koma fari. Tare suka yi makaranta da Arlo, tare suka yi aikin katako, shi ne abokin ango a bikinsa. Ya tashi ya warware bargon, ya duba kowace bindiga ya tabbatar ba harsashi, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin baya. Muka ji ƙarar kulle kabad. Da ya dawo sai ya ciro makullin daga cikin nasa, makullin da ko ni bai taɓa bari na riƙe ba, ya sa mini a tafin hannu.

"Yana wurin Opal," ya ce wa Arlo. "Ni za ka iya lallashina. Ita kuwa shekara arba'in ina gwadawa."

Arlo ya yi wata 'yar dariya, daga nan ya fashe da kuka. Thurman ya dafa kafaɗarsa ya yi addu'a. Shi da in aka ba shi addu'a a coci sai abinci ya huce, ranar jimla uku ya yi: ya gode wa Ubangiji da ya kawo Arlo, ya roƙe shi ya riƙe shi, ya roƙi gafara don bai lura ba. Ni ma na ce amin ga ta ƙarshen nan, ina tuna gwangwanayen miya.

Ba mu bar shi ya koma gida ba ranar. Ya ci wake da naman alade da burodin masara har faranti biyu, ya kwana a ɗakin 'yarmu. Washegari Thurman ya kai shi wurin likita, ya zauna a mota yana jira, daga nan suka biya wurin Fasto. Daga ranar kuma kullum da safe sai mijina ya ɗauki kofi a fulas da akwatin kayan aiki ya ce zai je gyaran kwamin da ya huda. Aikin awa ɗaya ne. Sati uku suka yi suna yin sa.

Da aka sake taro, kowa ya zuba ido ya ji abin da zan ce. Na ce ba zan ɗauka ba. Na ce ban ce wanda ya ɗauka ya yi zunubi ba, kuma in barewa ta shigo lambuna a lokacin farauta ta kuka da kanta, amma ni a bakin ƙofar coci hannuna biyu nake so su zama a sake.

Na zaci Thurman zai yi gardama, sai ya tashi a hankali. Bai ambaci Arlo ba, ko kallon inda yake bai yi ba. Ya ce kowa ya san shi yake yankan ciyawar makabartar da ke bayan coci, ya san kowane kabari. A makon nan ya tsaya ya ƙirga waɗanda bindiga ta kai su can tun da ya fara aikin. Mutum huɗu ne. Ɗaya tsautsayi wajen goge bindiga, ɗaya rigimar cikin gida, biyu kuma da hannunsu. Ba ko ɗaya da baƙo ya shigo ya kashe.

"Ban canza ra'ayi ba," ya ce, yana kallon Verna. "Kada Malama ta fara murna. Har gobe ina so a tsare ƙofa. Amma na shekara ina kallon hanya, ashe wanda ya fi bukatar tsaro yana zaune kusa da ni a benci."

An daɗe ana magana, amma ba da zafin da aka yi a farko ba. Aka tsayar cewa mutum ɗaya ne zai riƙa ɗauka, wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya dawo garinmu, wanda aikinsa ne shekara ashirin da biyar kuma bai taɓa huda kwamin kowa ba. Verna ta ɗaga hannu ta ƙi, ita da mutum shida, kuma ta sa aka rubuta sunanta cikin waɗanda suka ƙi. Aka kuma yarda cewa duk wanda yake so a ajiye masa bindiga na wani lokaci, ya kawo gidanmu, ba tambaya, ba kuma wanda zai ji. Sannan aka rubuta sunayen duk waɗanda suke zaune su kaɗai, aka raba, kowa ya ɗauki wanda zai riƙa leƙawa. Verna ta ɗauki sunan Arlo, wai don hanyarta ce. Ba hanyarta ba ce ko kaɗan.

Zuwanta na farko ta kai masa miyar kaza ta yi masa faɗa a kan lambun Geneva. Zuwa na biyu ta je da fartanya. Kafin ƙarshen Agusta Arlo yana kawo tumatir coci a cikin kwando, kuma kowa ya lura cewa manyan a jakar Verna suke ƙarewa. Ba wai ya warke dare ɗaya ba ne. Akwai ranakun da Thurman yake dawowa daga wurinsa ya ce yau da nauyi. Amma yana zuwa wurin likitansa, kuma ya ƙara ƙiba har sai da ya sassauta bel.

Da Nuwamba ta zo, Arlo ya tambaye ni ko zan ba shi doguwar ta babansa ya je farauta. Na kira Verna a waya, na kira Fasto, na dubi idon Arlo sosai, sannan na buɗe kabad. Da safe na ba shi, da yamma ya dawo da ita da kansa, haka muka yi har lokacin ya wuce. A cikin hunturun nan wasu mutum biyu ma suka kawo tasu ajiyar, har Thurman ya sayi kabad na biyu yana ƙorafin cewa gidansa ya zama barikin soja amma shi ba shi da makulli.

A watan Maris Arlo ya nemi auren Verna a cikin lambu, tana durƙushe tana shuka albasa. Ta ce masa sai ta gama layin. Da ta gama ta ce ta yarda, da sharaɗin bindigogin su ci gaba da zama inda suke, don ba za ta kwana gida ɗaya da su ba. Arlo ya ce dama bai yi niyyar ɗauko su ba. Thurman ya ce wannan danniya ce a fili, Verna ta ce masa in ya ga dama ya kai ƙara.

Aka ɗaura auren ranar Asabar ta biyu a watan Mayu. Amarya tana da shekara sittin da tara, ta sa shuɗiyar riga don ta ce fara ba ta jure miya. Tsofaffin ɗalibanta suka cika cocin har wasu suka tsaya a waje, manyan mutane masu tumbi da gemu, kowa ya nutsu kamar za ta kira suna. Ni na yi kiɗa, na kuma soya kaji goma sha biyu, ba abin da ya rage. Bayan an ci an sha suka shiga mota suka nufi bakin teku, wanda dukansu biyu ba su taɓa gani ba. Verna ce ta karɓi tuƙi, ta ce in ta bar wa Arlo sai hutun ya ƙare ba su fita daga jihar ba.